Ranar da Des Ya Yi Ribas Ba Glenys

Idan ana lissafin mutanen da suka iya komai a unguwarsu, Des Pomeroy ne ke zuwa na farko, musamman idan shi ke lissafin. Shekara talatin da huɗu ya yi yana sayar da tikiti a wata tashar jirgin ƙasa a jihar Victoria, amma wanda ya zauna da shi minti goma zai tashi da tunanin shi ya shimfiɗa layin dogon. Aikin lantarki kuwa cewa yake yi a jininsa yake, saboda an taɓa gyaran fitilun tashar ya riƙe wa masu aikin tsani.

Tun da ya yi ritaya, duk watan Yuni idan sanyi ya sauko, shi da matarsa Glenys sukan ɗaura tafi-da-gidanka, wato ɗan gidansu mai taya, a bayan mota su miƙa arewa, tafiyar kwana uku, zuwa zangon masu hutu na wata mata mai suna Rhonda, a bakin teku a jihar Queensland. Gurbi na goma sha huɗu nasu ne shekara goma sha ɗaya. Gurbin ba shi da wani aibu, sai dai da baya ake shigarsa.

A zangon, ƙarfe huɗu na yamma na bugawa kowa zai fito da kujerarsa ta naɗewa da gwangwaninsa mai sanyi, a jeru a fuskanci hanya, ana jiran masu isowa. Mutum na ribas, matarsa na tsaye a bayan gidan tana nuna masa da hannu. Ban da ita ba wanda ya isa ya sa baki, ko da ya ga za a hau kan takalminsa. Idan an gama sai kowa ya rubuta maki a farantin takarda ya ɗaga.

Bara sau tara Des ya shiga ya fito kafin gidan ya zauna, shi ma a karkace. Maki mafi yawa da ya samu uku ne, daga wata tsohuwa da ta manta tabaranta a ɗaki. Da ya sauko sai ya juya ga jama'a, da muryar nan tasa ta sanar da isowar jirgi, ya yi musu bayani cewa direba ba ya wuce abin da aka nuna masa, kuma hannun Glenys ba ka gane ko hagu yake nufi ko korar ƙuda. An yi dariya. Glenys ba ta yi ba. Sai da suka shiga ciki ta ɗora buta a wuta, sannan ta gaya masa ba za ta ƙara tsayawa a bayan gidan nan ba sai ranar da ya roƙe ta, a gaban mutanen da ya yi maganar, da muryar da ya yi ta.

Wata goma sha ɗaya Des ya yi yana nazarin lamarin. Ya ga mafita biyu ce, ko ya ba da haƙuri ko ya sayi kyamara. Ya sayi kyamara.

A wani babban kanti mai rahusa ya samo ta, a makon da rabin tsofaffin ƙasar suka yi layi a kanta. Ƴar ƙarama ce kamar ƙwai, ana kafa ta a bayan tafi-da-gidanka, ita kuma ta riƙa aiko da hoto ta iska zuwa wani ɗan allo da ke gaban direba. Da ita da littafin bayani mai shafi sittin. Des ya buɗe littafin, ya ga an fara da gargaɗi, ya ce wannan na masu koyo ne, ya mayar da shi cikin kwali.

Ranar Litinin da safe ya fito da injin huda. Maƙwabcinsa Stav Kalogeras, wanda ya yi shekara arba'in yana wayarin motoci, kuma mai gurbi na goma sha biyar a zangon Rhonda, ya jingina da shinge riƙe da kofin gahawa.

"Injiniya, ka duba abin da ke bayan bangon nan kuwa?"

"Stav, ni ba duba nake yi ba. Ji nake yi. Hannuna ya san inda fili yake."

Ramin farko ya ɓulla cikin banɗaki, daidai tsayin idon wanda ke zaune. Des ya leƙa ta ciki, ya hango Stav, Stav ya ɗaga masa kofi. Des ya fito ya ce dama banɗakin yana buƙatar iska.

Rami na biyu ya fara lafiya, sai injin ya yi nauyi, ya yi wani kuka, ya tsaya cak. Da aka buɗe kabad ɗin kaya sai aka tarar ya naɗe hannun rigar Glenys har zuwa kafaɗa. Glenys ta zo ta tsaya ta kalli rigar. Ta ce, "Shuɗiyar ce, Desmond," ta koma kicin. Idan ta kira shi da cikakken sunansa, Des yakan ji kamar an kira shi ofishin shugaban tasha.

Rami na uku ya dace. Sauran biyun ya cusa musu gam, ya manna musu hoton kifi ɗaya-ɗaya, ya ce ado ne.

Saura wuta. Ya kwance fitilar baya, wayoyi biyar suka zubo, kowace da kalarta. Stav ya ce idan ana so, zai iya nuna wadda ake nema da ɗan yatsa daga inda yake tsaye, ba sai ya shigo ba. Des ya gode masa, ya ce su tsofaffin makanikai matsalarsu kenan, sun saba da tsohon yayi. Ya zaɓi rawaya saboda ta fi kama da mai wuta. Allon ya kawo hoto, ya ɗauke, ya kawo, ya ɗauke, kuma ba ya yin hakan ma sai an kunna siginar hagu.

"Ba laifi," in ji Stav. "Sai ka riƙa zuwa hagu kawai. In ka daure za ka zagayo."

Ranar Talata ya koma kan ja. Yanzu hoto ya tsaya tar, amma sai an taka birki. Stav ya yaba, ya ce wannan za ta riƙa nuna masa abin da ya riga ya buge. Ranar Laraba aka ji wani ɗan tas, aka ji ƙauri, firijin cikin gidan ya mutu, naman da Glenys ta jera na tafiya ya narke. Kwana biyu suna cin nama safe da rana da dare, har suna aika wa Stav da matarsa Toula. Glenys ba ta ce komai ba game da kyamara. Takan dai leƙo ta taga lokaci-lokaci ta tambaye shi ko yana son shayi, da wata ladabi da ke hana Des sakewa.

Ranar Juma'a, bayan ya gwada wayoyi huɗu, ya gano ta biyar da basirarsa. Ya kunna ƙananan fitilu, sai ga ƙofar gareji a allo, da kwandon shara, da kyanwar Toula tana lasar ƙafa. Ya tara duk wanda ke gida a layin ya nuna musu. Stav ya sunkuya ya duba, ya amsa cewa tana aiki.

"Sai dai irin waɗannan akwai abu ɗaya da ya kamata ka sani..."

"Na sani."

"Ban faɗa ba tukuna."

"Ko mene ne, na sani."

Stav ya shanye gahawarsa ya koma gida.

A hanya kyamarar ta yi abin kirki. Sau ɗaya ne kawai, a wani gidan mai, allon ya nuna kwale-kwale a bayansu. Des ya fita ya duba, ba kwale-kwale. Ya dawo ya shaida wa Glenys cewa kyamarar tana hangen nesa sosai. Glenys ta ce lallai, tunda teku na da sauran kwana guda.

Da ƙarfe uku da kwata suka iso garin. Des ya tsaya a inuwar wata bishiya a bakin titi, ya ce injin yana buƙatar hutawa. Injin ya huta daidai minti arba'in da biyar. Ƙarfe huɗu da ƴan mintuna suka shiga zango, kujeru sun jeru sun kai talatin, Stav da Toula da suka riga su da kwana ɗaya suna sahun gaba.

Des ya tsayar da mota a tsakiyar hanya ya fito. Ya gaisa da jama'a. Sannan ya kwance dogayen madubin nan biyu da ake ɗaurawa a gefen mota don a hango bayan gidan da ake ja, ya miƙa wa Glenys, ya ce ta riƙe ta riƙa gyaran gashi. Ya sanar da cewa zamanin ɗaga hannu ya wuce, yau za su ga yadda ake shiga gurbi a bugu ɗaya, kuma yana roƙon kada kowa ya tsaya a baya. Wani ya tambaya ko a rubuta goman tun yanzu. Des ya ce ba ya son ya matsa wa kowa.

Glenys ta ciro kujerarta, ta buɗe ta kusa da Toula, ta ɗora madubin a cinya. Ta ce a ba ta faranti da alƙalami.

Des ya shiga, ya ɗaga gilasai, ya kunna sanyi. A daidai lokacin wata mota mai lambar jihar Tasmania ta shigo da nata gidan, ta wuce shi ta tsaya a gaban gurbin da ke tsallaken hanya, wata mata mai faffaɗar hula ta sauko. Des bai kula su ba. Baƙi ne, kuma ba su ake kallo ba. Ya kunna fitilu, ya sa giyar baya.

Allon ya ɗan yi yayyafi, sannan ya washe. Ga gurbi nan shimfiɗe, ga ciyawa, ga turken wuta a gefe. Ya fara tafiya, hoton ma ya fara matsowa. Ya murɗa sitiyari hagu, gurbin ya ci gaba da zuwa a miƙe. Ya murɗa dama, gurbin ya ci gaba da zuwa a miƙe. Des ya daɗe yana zargin cewa ya iya ribas, yau ga shaida.

Sai wata mata mai hula ta bayyana a tsakiyar allon tana yafito shi da hannu.

Ransa ya ɓaci. Ya ce kada kowa ya tsaya a baya, ga wata da bai ma sani ba ta naɗa kanta. Ta nuna hagu. Don ya koya mata darasi ya yi dama. Abin sha'awa, gidan ya bi inda ya kamata duk da haka, har matar ta gyaɗa kai.

Ya ji wani ɗan gum a ƙarƙashi. Ya ce Rhonda ta bar hanyar nan ta lalace. Ya ji wani dogon ƙiii, kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Ya ce gidan na son man giris. Ta gefen ido ya ga kamar mutane suna miƙewa daga kujerunsu, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba a zangon. Bai juya ba, don kada a ce yana neman yabo.

Da ya ga saura ƙiris sai ya taka birki. Motar ta tsaya. Hoton bai tsaya ba, ya ci gaba da matsowa a hankali.

Des ya kalli ƙafarsa, ya kalli allon. Nan take ya gane abin da ke faruwa. Hoto ta iska yake zuwa, iska kuwa ta fi mota sauri, saboda haka hoton ya riga shi. Abin da ya rage shi ne ya cim masa. Ya saki birki ya ɗan taka mai.

Wannan karon ƙarar ta shigo har ta cikin gilashi, motar ta girgiza ta mutu. A allo kuwa komai ya zauna daram, gida a tsakiyar gurbi, tazarar hagu daidai da ta dama. Matar mai hula ta ɗaga babban yatsa. Des ya yafe mata. Ya gyara kwalar rigarsa, ya buɗe ƙofa, ya fito da hannu biyu a sama.

Abin da ya fara lura da shi shi ne kujerun ba sa inda ya bar su, sun koma can nesa ta hagu. Na biyu, gurbi na goma sha huɗu yana can kusa da su, babu kowa a ciki sai wani tsuntsu yana kiwo. Sannan ya juya.

Gidan ya tsallake hanya, ya taka tukwanen furannin Rhonda, ya ratsa filin shanya. Ƙarfen shanyar ya kwanta, zannuwan gado huɗu sun rufe rufin gidan, wani ƙaton gajeren wando yana lilo a jikin taga. Bayan gidan kuma ya shige cikin teburin da masunta ke feɗe kifi. Famfon teburin ya karye, ruwa na tashi sama ya fi tsayin mutum. Bokitin kayan cikin kifi ya kife, manyan tsuntsayen nan kwasa-kwasa guda uku sun riga sun sauka suna aiki, ɗaya ma ya hau kan gidan yana kallon Des da ido ɗaya.

Farantai suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Yawanci sifiri ne. Wani ya zana kifi. Stav ya rubuta goma, ya ƙara a ƙasa da ƙananan baƙaƙe cewa na kwasa-kwasa ne. Farantin Glenys yana kife a kan madubi.

Des ya ce ba zai yiwu ba. Ya ja Stav ya nuna masa allon, inda har yanzu gida ke zaune a gurbi kamar an auna da ma'auni. Stav ya duba, ya ɗaga kai ya kalli tsallaken hanya, inda matar mai hula ke sa wa tayar gidansu katako. Ya ce ai abin da ya so ya gaya masa kenan a gida. Irin wannan kyamarar duk murya ɗaya suke da ita, allon kuwa ba ya tambayar ta wane ce, wadda ta fi kusa yake ɗauka.

Mijin mai hular ya tako, dogon mutum mai sanyin magana. Ya gaisa, ya ce shi ma a kantin nan ya sayi tasa, kuma tun da ya fara ribas allonsa ke nuna masa furanni, daga nan zannuwa, daga nan bakin kwasa-kwasa. Ya ce hoton ya fito sosai, duk wanda ya kafa kyamarar nan ya iya aiki. Des ya tambaye shi to yaya aka yi ya shiga gurbinsa.

"Ai ni matata nake kallo a madubi," in ji mutumin.

Rhonda ta iso da makullin famfo a hannu, tana tafiya a hankali irin ta wanda ba ya son ya iso da fushinsa duka. Ta kalli furanninta. Ta ce ta rufe ruwan zango gaba ɗaya, ba mai wanka ba mai shayi sai an janye gidan nan an ɗaure bututu. Ta ba shi minti goma ya shiga gurbinsa, in ba haka ba akwai mutum shida da ke jiran gurbi na goma sha huɗu tun bara.

Janyewa gaba ba wuya. Des ya yi ta, da zanin gado ɗaya yana bin sa. Ya dawo kan hanya, ya tsaya inda ya fara. Ya fito ya je wajen Stav, ya rage murya, ya ce ko zai ɗan tsaya masa a baya, tsakanin maza.

"Injiniya, shekara goma sha ɗaya kana zuwa nan. Ni matarka ce?"

Ya duba sauran mazan. Kowa ya sami abin karantawa a jikin gwangwaninsa. Ya taka har gaban kujerar Glenys, ya sunkuya kamar zai ɗaure igiyar takalmi.

"Glen, na'urar tana ɗan buƙatar mataimaki."

"Allah ya ba ta."

"Ina nufin, da za ki ɗan miƙe ƙafa ta wajen can..."

"Ƙafata lafiyarta lau, Desmond."

"Ki taimaka."

Glenys ta juya ga Toula ta tambaye ta ko ta ji wani abu. Toula ta ce ita kam ƙarar kwasa-kwasa kawai take ji. Rhonda ta duba agogo ta ce saura shida.

Des ya miƙe. Ya kalli kujeru talatin, kujeru talatin suka kalle shi. Ya cika ƙirji, ya ɗauko muryar da ta yi shekara talatin da huɗu tana isa ƙarshen tasha, ya sanar da jama'a cewa abin da ya faɗa bara game da hannun Glenys kuskure ne. Glenys ta ce ba ta san shi da kuskure ba. Ya ce ƙarya ce. Ya ce hannunta bai taɓa korar ƙuda ba, shi ne bai iya ribas ba, bai taɓa iyawa ba, kuma yana roƙonta ta tsaya masa a baya.

Glenys ta shanye abin da ya rage a kofinta. Ta miƙa masa madubin biyu, ta jira ya ɗaura su, ta ce na dama ya karkace, ya gyara. Sannan ta taka zuwa bayan gidan ba tare da sauri ba. Mutumin Tasmania ya je ya kashe fitilunsa, kyamararsa ta mutu.

Des ya sa giyar baya. Allon ya yi yayyafi ya washe, a karon farko tun da ya shigo zangon ya kama kyamararsa. Glenys ce tsaye a tsakiya, ta cika shi daga sama har ƙasa, ba a ganin gurbi, ba a ganin turke. Ta nuna hagu, ya yi hagu. Ta dunƙule hannu, ya tsaya. Bugu ɗaya.

Ya samu bakwai-bakwai, da takwas guda. Kafin Rhonda ta gama ɗaure bututu, ya riga ya buɗe kujerarsa kusa da Stav, da gwangwani a hannu, yana bayanin cewa in aka bar abin da ya faru da farko, kyamarar ta yi aikinta, shi da ita ya shiga.

"Me ka gani a ciki?" in ji Stav.

Des ya kurɓi gwangwaninsa, ya kalli teku.

"Glenys."